Furotin Mai Aure da Nazarin Jigilar Kaya a Cikin Sel

1.0 Gabatarwa

Galibin insulin da masu ciwon suga suke yin allurarsa a yau, bakteriya ko yis ne suke sarrafa shi a cikin manyan tankuna, bayan an dasa musu ƙwayar gadon ɗan Adam. Tun shekarar 1982 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan insulin, kuma shi ne fitaccen misalin abin da wannan takarda za ta kira furotin mai aure. Sai dai dabarar tana da wani amfanin da bai kai wannan shahara ba, ko da yake ta fuskar ilimi bai gaza shi ba. Da ita masana suka warware wata tambaya da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya, wato yadda sel, wanda ba shi da ido balle hankali, yake ƙunshe kayan da ya sarrafa ya kai kowanne wurin da ya dace a lokacin da ya dace. A kan wannan bincike ne aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2013.

Manufar takardar ita ce ta bayyana wannan dabara da Hausa, daki-daki, tare da nuna abin da ta iya tabbatarwa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. An zaɓi batun ne da gangan. Duk mai son ya gwada ko harshe zai iya ɗaukar kimiyya, bai kamata ya tsaya ga jera sunayen gaɓoɓin jiki ba. Ya kai harshen fagen da ake kafa hujja ana rushe ta, ya ga yadda zai yi.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

A gidajen rediyo da jaridu ana amfani da “ƙwayar halitta” wajen ambaton abubuwa aƙalla uku: ɗan ƙaramin ɗakin nan mai rai wanda da irinsa aka gina jiki, da umarnin da ɗa yake gada daga iyayensa, da kuma sinadarin da aka rubuta umarnin da shi. A labaran duniya wannan ba ya kawo cikas sosai. A nan kuwa ukun za su riƙa haɗuwa a jimla ɗaya, saboda haka tilas a raba su. Za a kira na farko sel, na biyu ƙwayar gado, na uku DNA. Furotin shi ne abin da sel yake ƙerawa bisa umarnin ƙwayar gado. Sarƙa ce ta amino asid iri 20 wadda take naɗewa ta ɗauki siffa, siffar kuma ita ce take ba ta damar yin aikinta.

Tantani shi ne siririn bangon maiƙo da ya kewaye sel, ya kuma kewaye kowane ɗaki da ke cikinsa. Jaka kuwa, ɗan ƙunshi ne na tantani mai ruwa da kaya a ciki. Sunan da Turanci ya ba ta daga Latin ya fito, inda yake nufin ƙaramar mafitsara. Wanda ya san salka ya kusa fahimtar abin, in ban da cewa fatar wannan jaka daga jikin bangon wani ɗaki ake tsinko ta, idan kuma ta isa inda za ta sai ta narke cikin bangon can, ta zama ɓangarensa.

Saura kalmar aure. Masu lambu sun daɗe suna cewa mangwaro mai aure, suna nufin wanda aka dasa reshen wani iri a kan gindin wani. Hoton ya dace da DNA ɗin da aka haɗa daga halittu biyu. Dangane da furotin kuwa, akwai abin kiyayewa. Furotin ɗin kansa ba ruwa-biyu ba ne. Jerin amino asid ɗinsa na ɗan Adam ne tsantsa, kamar yadda ’ya’yan mangwaro mai aure suke bin irin reshen da aka dasa. Gindin da ya ciyar da shi ne baƙo. Ko wannan baƙunta tana barin tabo a jikin furotin, tambaya ce da za a komo kanta a sashe na 7.0.

3.0 Matsalar Jigila

Kusan sulusin nau’o’in furotin da sel yake ƙerawa suna fara shiga wani ɗaki mai kama da raga, wanda ya bazu daga cibiyar sel. Daga ragar suna wucewa zuwa tashar Golgi, wadda aka sa wa sunan Camillo Golgi, masanin Italiya da ya bayyana ta a 1898. A can ake yi musu ƙarin gyara, a tantance su, a tura wasu bangon waje, wasu ɗakin narkar da shara, wasu kuma a tsare su cikin jakunkuna sai an bukace su. George Palade, ɗan asalin Romaniya, shi ya bi sawun wannan hanya a shekarun 1960. Ya yi amfani da fankiriyas na ɓeran Masar, ya sa wa sabon furotin alamar da ake iya gani, ya riƙa duba inda alamar ta kai bayan mintuna kaza ta madubin lantarki. Ya sami lambar Nobel a 1974.

Madubin ya nuna hanya da tashoshinta, amma bai nuna abin da ke tafiyar da jigilar ba. Jakar da ke fitowa daga raga faɗinta bai wuce nanomita 60 zuwa 90 ba, ta bakin jijiyar saƙo kuwa kimanin nanomita 40 ce, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Mene ne yake lanƙwasa tantani har jaka ta tsinke? Mene ne yake zaɓar kayan da za su shiga? Yaya jaka take gane bangon da za ta sauka? Sannan tantani biyu ba sa narkewa cikin juna haka kawai, domin akwai ruwa da cajin lantarki da ke tsare tsakaninsu. To daga ina ƙarfin matse su yake fitowa?

Schekman, a Jami’ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya tunkari matsalar ta hanyar gado. Shi da ɗalibinsa Peter Novick suka nemo yis ɗin burodi mai naƙasa, wanda yake rayuwa lafiya a ma’aunin zafi 25, amma da an kai shi 37 sai jigilarsa ta tsaya, jakunkuna su taru a cikinsa. A 1980 suka bayyana ƙwayoyin gado 23 waɗanda lalacewar kowace ɗaya takan tsayar da jigila. Wannan babban aiki ne, amma akwai irin hujjar da yake iya bayarwa. Wanda ya cire fulogi daga babur ya ga babur ya ƙi tashi, ya tabbatar cewa fulogi wajibi ne. Bai san aikin da fulogi yake yi ba, bai kuma san mafi ƙarancin sassan da za su isa su tada inji ba. Sanin wannan sai an kwance injin, an jera sassan, an sake haɗa su ɗaya bayan ɗaya. A cikin sel, sassan su ne furotin, kuma samun kowanne shi kaɗai, da tsabta, da yawan da zai isa gwaji, shi ne wahalar.

4.0 Yadda Ake Samar da Furotin Mai Aure

Abin da ya sa dabarar ta yiwu shi ne kusan duk halittu da tsarin rubutu ɗaya suke aiki. DNA haruffa huɗu gare shi, ana karanta su uku-uku, wanda ya ba da haɗi 64, kuma ma’anar kowane haɗi a jikin mutum ita ce ma’anarsa a jikin bakteriya. Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a 1973 cewa ana iya yanka DNA, a liƙa shi cikin wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a mayar da zoben cikin bakteriya, ita kuma ta ci gaba da kwafarsa duk lokacin da ta rabu biyu.

Akwai tarnaƙi ɗaya tun daga farko. Ƙwayar gadon ɗan Adam a tsattsinke take. Tsakanin gaɓoɓin da ke ɗauke da umarni akwai dogayen gutsattsari da sel ɗin mutum yake cirewa kafin ya karanta. Bakteriya ba ta iya wannan tacewa ba. Don haka akan ɗauko kwafin da sel ya riga ya tace, a mayar da shi DNA, ko kuma, kamar yadda ya yawaita yanzu, a sa kamfani ya haɗa jerin haruffan gaba ɗaya da na’ura.

Bakteriyar da aka fi sa wa wannan aiki ita ce Escherichia coli, wadda a yanayi mai kyau take ninka kanta cikin kimanin minti 20. Ana renon ta a cikin romo har ta yi yawa, sannan a zuba wani sinadari mai suna IPTG wanda yake kunna ƙwayar gadon da aka dasa. Bayan sa’o’i sai a tattara ta, a farfasa. Abin da ke fitowa kunu ne na dubban nau’o’in furotin na bakteriya, wanda ake nema yana cikinsu. Don a iya tsamo shi, tun wajen haɗa DNA akan liƙa masa wata ’yar wutsiya. Wadda aka fi sani amino asid ɗaya ce, histidin, sau shida a jere, kuma tana manne wa ƙarfen nikel. Idan aka bi da kunun ta cikin bututu mai ɗauke da ƙwayoyin da aka shafe da nikel, komai zai wuce ban da mai wutsiya. Wata wutsiyar, GST, wadda aka fara amfani da ita a 1988, an samo ta ne daga tsutsar Schistosoma japonicum ta ƙasashen Asiya, ’yar uwar tsutsar da ke haddasa tsargiya a ƙasashenmu. Daga lita ɗaya ta romo ana iya samun miligiram da dama na furotin guda, abin da a da sai an niƙe nama mai yawan gaske kafin a sami kusa da shi.

Yawa da tsabta ba su ne kaɗai ribar ba. Tun da mai bincike ne ya rubuta umarnin, yana iya sauya shi. Michael Smith na Kanada ya fito da hanyar canza harafi ɗaya tak a cikin DNA a 1978. Masu nazarin tsarin sauti sun san wannan irin gwaji sarai: a jera “baki” da “baƙi”, jam’in baƙo, waɗanda karin sautinsu da tsawon wasulansu ɗaya ne, bambancin ma’ana ya tabbatar cewa /k/ da /ƙ/ kowane zaman kansa yake yi. Haka mai nazarin furotin yake ƙera biyu da suka bambanta da amino asid ɗaya, ya gwada su a yanayi ɗaya. Idan aiki ya canza, ya san inda aikin yake zaune.

5.0 Daga NSF Zuwa SNARE

Rothman, a lokacin yana Jami’ar Stanford, ya ɗauki hanyar kwance inji. Gwajin da shi da abokan aikinsa suka kammala tsarawa a 1984 ya cancanci a tsaya a kansa, domin hikimarsa. Sun ɗauko tashar Golgi daga sel iri biyu. Ta farko tana ɗauke da wani furotin na bairos a matsayin kaya, amma ta rasa inzayim ɗin da ke liƙa wa kayan wani nau’in suga. Ta biyu tana da inzayim, ba ta da kaya. Suka haɗa su a kwalbar gwaji, suka ƙara ruwan cikin sel da ATP, wato makamashin sel, da sugan da aka sa wa alama. Ke nan ba yadda za a yi suga ya hau kan kaya sai in kaya da inzayim sun sadu, ba kuma za su sadu ba sai in jaka ta tashi daga wata tasha ta narke a wata. Suga ya hau. An yi jigila ba tare da sel mai rai ba.

Daga nan sai neman sassan. Wani sinadari mai suna NEM yakan kashe jigilar, ƙara sabon ruwan sel kuma yakan farfaɗo da ita. Suka bi diddigin abin da ke farfaɗowar har suka ware shi a 1988, suka kira shi NSF, ma’ana abin da NEM yake lalatawa. A 1989 aka karanta ƙwayar gadonsa, sai ga shi ɗan uwan Sec18 ne, ɗaya daga cikin 23 ɗin nan na Schekman. Hanyoyi biyu da suka taso daga wurare daban, ɗaya daga yis ɗaya daga sel na dabba mai shayarwa, sun haɗu a kan abu ɗaya. A 1990 aka sami SNAP, wanda yake ɗaure NSF a jikin tantani.

Da aka mallaki ƙwayoyin gadonsu, sai aka koma ƙera NSF da SNAP a cikin bakteriya, kuma a nan ne furotin mai aure ya fara biyan kuɗinsa. A 1993 Thomas Söllner da Rothman suka yi amfani da su kamar ƙugiya: suka jefa su cikin narkakken tantanin ƙwaƙwalwar shanu don su ga abin da za su kamo. Furotin uku suka fito, VAMP da sintaksin da SNAP-25. Dukansu an riga an san su a bakin jijiyar saƙo, VAMP a jikin jaka, sauran biyun a jikin bangon da jakar take sauka, amma ba a tabbatar da aikinsu ba. Aka haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, SNARE, wato masu karɓar SNAP. Masu sha’awar sunaye za su lura da abu biyu. Taƙaitaccen sunan ya yi daidai da kalmar Turanci mai nufin tarko. Na biyu, SNAP-25 wasu masana ne daban suka raɗa masa suna tun kafin wannan gwaji, daga wasu kalmomi daban, ba shi da dangantakar asali da SNAP na Rothman; katari ne kurum ya sa masu suna ɗaya suka zama abokan aiki.

Wata shaidar ta zo daga inda ba a zata ba. A 1992 ƙungiyar Cesare Montecucco a Jami’ar Padua ta Italiya ta nuna cewa dafin cutar sarƙe-haƙora, wadda asibiti ke kira tetanos, almakashi ne da ke yanka VAMP. A shekarar da ta biyo aka nuna cewa wasu nau’o’in dafin botulinum suna yanka SNAP-25, wani kuma sintaksin. Jaririn da aka yanke wa cibiya da aska marar tsabta ya sandare, abin da ya faru a jikinsa shi ne an yanke wannan furotin a jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin sakewa, jakunkunan da ke ɗauke da umarnin suka kasa narkewa.

Har zuwa nan, hujjar ta wajibci ce. Ta wadatarwa ta zo a 1998. Thomas Weber da Rothman suka haɗa jakunkunan kwaikwayo daga maiƙo tsantsa, waɗanda babu komai na sel a jikinsu. Suka dasa VAMP mai aure a kashi ɗaya, sintaksin da SNAP-25 masu aure a ɗaya kashin, suka sa wa maiƙon kashin farko rini mai ƙara haske idan ya tsarmu da wani maiƙon. Da aka gauraya su, haske ya tashi. Furotin uku, ba tare da wani mataimaki ba, sun iya narkar da tantani cikin tantani. A shekarar kuma ƙungiyoyin Reinhard Jahn da Axel Brunger suka fitar da siffar ukun a haɗe, ita ma daga furotin mai aure: zare huɗu ne da suka murɗe kamar igiya, ɗaya daga VAMP, ɗaya daga sintaksin, biyu daga SNAP-25. Murɗewar tana farawa daga nesa ta gangaro wajen tantani kamar zif, ita ce kuma take jawo bangon biyu har su haɗe. NSF da SNAP, waɗanda aka fara zaton su ne masu narkarwa, ashe aikinsu warware igiyar ne bayan an gama, don a sake amfani da zaren.

Ɓangaren tsinko jaka ma haka aka bi da shi. A 1994 ɗakin binciken Schekman ya bayyana rigar furotin da ke lulluɓe jakar da ke fita daga raga, aka kira ta COPII. A 1998 suka nuna cewa sassanta biyar, Sar1 da Sec23 da Sec24 da Sec13 da Sec31, sun isa su tsinko jaka daga tantanin kwaikwayo. Sar1 ne ke fara kama tantani, Sec23 da Sec24 su hau kansa su zaɓi kaya, Sec13 da Sec31 su yi keji daga waje.

6.0 Na Ɗan Adam da Cututtukansa

Ya kamata a faɗi gaskiyar cewa yawancin furotin da aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su na yis ne ko ɓera ko wasu dabbobi. Kamannin da ke tsakaninsu da na mutum ya isa a fahimci tushen aikin. Bukatar na ɗan Adam takamaimai tana tasowa ne idan aka zo kan cuta, domin a can bambancin amino asid ɗaya shi ne batun gaba ɗaya. Bugu da ƙari, mutum yakan mallaki tagwaye inda yis yake da tilo: Sar1 biyu gare shi, A da B, Sec23 ma biyu.

A 2006 aka bayyana wata cutar gado a wani babban dangi na ƙasar Saudiyya. Yaran da ta kama maɗigarsu takan daɗe ba ta rufe ba, yana takan fito musu a ido, ƙasusuwan fuska kuma ba sa tsayawa daidai. Aka gano cewa a Sec23A ɗinsu amino asid ta gurbi na 382 ta sauya, lusin ta maye gurbin fenilalanin. Sanin wannan bai bayyana ta yadda sauyin yake ɓata aiki ba. A 2007 Christopher Fromme da Schekman suka ƙera Sec23A na ɗan Adam iri biyu, lafiyayye da mai sauyin, suka gwada su. Mai sauyin yana hawa tantani kamar yadda ya kamata, amma ba ya iya janyo kejin Sec13 da Sec31 sosai, kuma gazawar ta fi tsanani idan da Sar1B aka haɗa shi a kan idan da Sar1A ne. Wannan ya yi daidai da abin da madubi ya nuna a sel ɗin majinyatan, inda raga ta kumbura da kayan da suka kasa fita. Da furotin na yis aka yi gwajin, wannan bambanci na A da B ba zai taɓa bayyana ba.

Haka kuma a 2008 masana a Japan suka danganta wata muguwar farfaɗiyar jarirai da naƙasa a Munc18, furotin da ke riƙe sintaksin yana shirya shi don ɗaura igiya. Da suka ƙera mai naƙasar suka ɗumama shi, sai ya warware a zafin da lafiyayyen yake jurewa, kuma riƙonsa ga sintaksin ya yi rauni. Irin wannan sakamako yana da amfani ga mai neman magani, domin furotin da ke rushewa da wuri daban ne da wanda yake tsaye amma ya rasa wurin kamawa, kuma abin da zai gyara ɗaya ba lalle ya gyara ɗayan ba.

7.0 Inda Ƙarfin Dabarar Ya Tsaya

Yanzu sai a koma kan tambayar baƙon gindi. Sel ɗin mutum ba ya barin furotin yadda ya fito daga maƙera. Yakan liƙa wa wani suga, wani maiƙo, wani fosfet. Escherichia coli ba ta yin galibin wannan. Misali, furotin ɗin nan da ake kira Rab, waɗanda mutum yake da sama da iri 60 kuma suke aiki kamar adireshi a jikin jaka, ba sa kama tantani sai an liƙa musu wutsiyar maiƙo. Rab ɗin da bakteriya ta ƙera jerinsa daidai ne, amma ba shi da wutsiyar. SNAP-25 ma a jikin mutum yana ɗauke da maiƙon da na bakteriya ba shi da shi. Wani furotin kuma sam ba ya naɗuwa a cikin bakteriya, sai ya dunƙule ya zama gudaji marar amfani. Saboda haka akan koma ga sel na ƙwaro ko na mutum da ake reno a kwalba. Sel ɗin ƙwaron da aka fi amfani da shi, Sf9, daga jikin Spodoptera frugiperda aka samo shi, wato tsutsar nan mai cinye masara wadda aka fara ba da rahoton ɓullarta a Afirka a 2016, Nijeriya na cikin wuraren farko. Wannan hanya ta fi tsada, ta fi jinkiri, abin da ake samu kuma bai kai na bakteriya yawa ba.

Iyaka ta biyu ta fi wannan zurfi. Narkewar da Weber ya gani a 1998 ta ɗauki mintuna masu yawa, alhali a bakin jijiya abin yana faruwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa bayan shigar kalsiyam. Masu suka sun kuma nuna cewa rinin yana auna cuɗanyar maiƙo ne kawai, wadda tana iya faruwa ba tare da kayan cikin jaka sun zube inda ake so ba. Sukar tana kan hanya. An amsa ta ne da ƙara sassa da kuma sauya ma’auni zuwa na cuɗanyar kayan ciki. Südhof ya riga ya nuna cewa sinaptotagmin shi ne mai jin shigowar kalsiyam, kuma ɓeran da aka cire wa shi a 1994 ya rasa saurin sakin saƙo. A 2013 ƙungiyar José Rizo a Dallas ta sake gina injin da furotin takwas: SNARE uku, da NSF da SNAP, da Munc18 da Munc13, da sinaptotagmin. A wannan haɗi narkewa ba ta yiwuwa sai da Munc18 da Munc13, kamar yadda yake a jiki, alhali a haɗin 1998 ba a bukace su ba ko kaɗan. Wato abin da ya wadatar a kwalba ya danganta da abin da mai gwaji ya bari a waje. Da aka mayar da NSF mai warware igiya, sai bukatar masu tsare ta ta fito fili.

Gwajin 1984 kansa an sake yi masa fassara. A lokacin an ɗauka kaya ne suke tafiya gaba cikin jaka daga tasha zuwa tasha. A 2006 ƙungiyoyin Benjamin Glick da Akihiko Nakano, kowace da kanta, suka ɗauki hoton Golgi na yis yana raye, suka ga ɗakunan tashar ne suke sauya kama a hankali, abin da ya ƙarfafa ra’ayin cewa kaya suna zaune, inzayim ne ake mayarwa baya cikin jaka. Gwajin Rothman ya tabbatar da saduwar kaya da inzayim, bai faɗi wanda ya je wurin wani ba, kuma furotin ɗin da aka gano ta hanyarsa suna nan daram ko wace fassara aka ɗauka.

Akwai kuma batun girman kaya. Kolajin, furotin da ya fi kowanne yawa a jikin mutum, yana barin raga ne a matsayin sanda mai tsawon kimanin nanomita 300, jakar COPII da aka gina a kwalba kuwa ba ta kai 100 ba. A 2009 ƙungiyar Vivek Malhotra a Basalona ta bayyana TANGO1, wani furotin da ke zaune a ƙofar raga, yana kama kolajin daga ciki yana kama rigar COPII daga waje. Wasu masana suna ganin rigar tana buɗewa ne ta yi babbar jaka, wasu kuma suna ganin rami ne na ɗan lokaci ake buɗewa tsakanin raga da tasha ta gaba, kolajin ya ratsa ba tare da ya shiga jaka ba. TANGO1 babba ne, yana ratsa tantani, kuma yana cikin irin furotin da bakteriya ba ta iya ƙerawa cikakke da sauƙi, shi ya sa yawancin gwajin da aka yi da shi a kwalba da gutsattsarinsa aka yi.